Ƙaramin Babur na Hannu a Matsayin Na Biyu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka riga suka mallaki babur, galibi babba, kuma suke neman ƙarami mara nauyi da zai tsaya kusa da shi. An fara da na yanke shawara, aka gangaro kan duba inji, takardu da ajiya.

Ina da babur mai lafiya, me zan yi da na biyu?

Babban babur a doguwar hanya yake nuna kansa. A gajeriyar tafiya kuwa, wahalarsa ta fi daɗinsa yawa. BMW R1250GS yana da nauyin kilo 249 idan tankinsa cike yake, Honda Gold Wing kuma ya haura kilo 350. Ka fito da irin wannan daga wurin ajiya, ka tura shi da baya, ka juya shi a matsattsen wuri, duk don tafiyar kilomita uku da injin ma ba zai gama ɗumi ba: bayan 'yan watanni za ka ga kana neman dalilin ƙin hawansa. Wannan gurbin ƙarami yake cikewa. Yana kuma amfani ranar da babban ke wurin makanike ana jiran kayan gyara.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne na biyu ya zama yana yin abin da na farko ba ya iyawa. Mai babur na tafiya mai nisa ya nemi na cikin gari ko na hanyar ƙasa. Wanda ya sayo ƙanin babur ɗinsa, iri ɗaya aiki ɗaya sai dai ƙanƙanta, ɗayansu zai zauna ƙura ta rufe shi, kuma yawanci ƙaramin ne.

Wane nauyi ne za a ce ya yi daidai?

A ganina duk abin da ya wuce kilo 150 ya fara fita daga sahun marasa nauyi. Honda Grom bai wuce kilo 105 ba, Super Cub na zamani kusan 110, Yamaha TW200 kilo 126, XT250 kuma 132. Honda CRF300L yana wajen 142. Kawasaki Ninja 400 da ake kira ƙarami kilo 168 ne, wato ƙarami ne kawai idan an ajiye shi kusa da mai inji 1000 (girman inji ke nan, da ake aunawa da cc).

Ka lura da yadda kamfanoni ke rubuta nauyi. Wani adadin na busasshen babur ne, ba fetur ba baƙin mai, wani kuma na babur ne a shirye ya hau titi. Tsakaninsu ana iya samun kilo goma ko fiye, don haka kada ka gwada busasshen nauyin wannan da cikakken nauyin wancan. Sannan inda nauyin ya taru yana da tasiri: babur mai tsawo da tanki a sama ya fi gajere wuyar riƙewa ko da ma'auni ya nuna daidai suke. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kashe inji, ka tura shi gaba da baya, ka karkata shi kaɗan ka ji inda hannunka zai fara gajiya.

Mai inji 125 ya ishe ni, ko sai 250 zuwa 300?

Hanyar da za ka riƙa bi ita ce amsar. Yawancin masu inji 125 suna kaiwa kilomita 90 zuwa 110 a awa, amma a can ƙarshen ƙarfinsu ne, babu abin da ya rage don wuce babbar mota ko hawa tudu iska na bugun ƙirji. A cikin gari wannan ba damuwa ba ce ko kaɗan. Idan kuwa dole sai ka ratsa babban titi da motoci ke gudun 100 zuwa sama kafin ka isa inda za ka, ka nemi 250 ko 300.

Wanda ya saba da babban inji shi ya fi faɗawa cikin kuskuren nan ta ɗaya gefen. Yana tsoron ƙarami zai gundure shi, sai ya riƙa ƙara girma a lissafinsa: daga 125 zuwa 250, daga nan 400, har ya ƙare da babur mai kilo 190 da bai warware masa komai ba. Idan ka ji kana wannan hawan, koma kan tambaya ta farko.

Tsayin kujera fa? Ƙafata ba ta kaiwa ƙasa sosai.

Rashin nauyi yana yafe tsayi da yawa, domin babur mai kilo 130 ana riƙe shi da ƙafa ɗaya ba tare da fargaba ba. Duk da haka bambancin yana da faɗi: kujerar Honda Rebel ta zamani santimita 69 ce daga ƙasa, ta TW200 79, ta CRF300L 88. Faɗin kujera ma yana cin tsawon ƙafa, sai ka hau ka ji.

Waɗanne irin babura ne suka yi suna a wannan aiki?

Na cikin gari, dangin Honda Cub ne kan gaba. Tun 1958 ake ƙera Super Cub, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Ba shi da hannun kuloci, da ƙafa kawai ake sa giya. Sai Honda CG125 da ya fito a 1975, wanda aka tsara injinsa musamman don ya jure rashin kulawa, bayan injiniyoyin kamfanin sun ga yadda masu babura a ƙasashe masu tasowa ke daɗewa ba su canja baƙin mai ba. Yamaha YBR125 da Suzuki GN125 suna wannan layin. Grom, da ya fito a 2013, na wasa ne da zirga-zirgar kusa, tayoyinsa ƙanana ne kuma ba sa son rami.

Na titi da hanyar ƙasa a haɗe, akwai TW200 mai faffaɗar taya da ake yi tun 1987 kusan ba tare da sauyi ba, da XT250, da Suzuki DR200, da Honda CRF250L na 2012 zuwa sama. Masu son gudu kaɗan sukan duba Kawasaki Ninja 250 da 300, ko KTM 390 Duke da Bajaj ke ƙerawa a Indiya tun 2013, sai dai shi wannan ya fi sauran son kulawa.

Amma sunan babur ba shi ne komai ba. Wanda ya fi dacewa da kai shi ne wanda ake samun fulogi, sarƙa, takalmin birki da igiyar kulocinsa a inda kake ba tare da jira ba, kuma makanike ya san cikinsa. Tsohon babur da aka daina ƙerawa da daɗewa, komai kyansa a hoto, yana iya shafe watanni a tsaye saboda ƙaramar roba guda.

Kafireta ko injekta, wato na'urorin da ke ba inji fetur, wacce ta fi?

Ga babur na biyu wannan tambaya ta fi nauyi fiye da ga na farko, saboda na biyu yana yawan zama. Fetur ɗin da ya kwana makonni a cikin kafireta yana bushewa ya bar danƙo, ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Alamar ita ce babur ya ƙi tashi sai an ja coke, ɗan makunnin da ke taimaka wa inji tashi da sanyi, ko ya mutu da zarar an saki totur. Fetur mai haɗin etanol ya fi saurin yin haka domin yana jan danshi. Injekta a rufe take, ta fi haƙuri da zama, tana tashi da safe ba gardama, kuma ba ruwanta da sauyin tsayin ƙasa idan ka hau tsauni.

Kafireta tana da nata alheri: da sukundireba da ɗan haƙuri ake wanke ta, kuma babur mai kafireta da kik yakan tashi ko batir ya yi sanyi. Injekta kuwa famfon mai take dogara da shi, shi kuma da batir. Idan za ka hau shi duk mako, ɗauki kowanne. Idan sai wata-wata, injekta ta fi, ko kuma ka bi abin da aka faɗa a tambayar ajiya a ƙasa.

Mai sanyaya da iska ko mai lagireto?

Mai iska ya fi sauƙi: ba lagireto, ba famfon ruwa, ba tiyon da zai tsage. A ƙaramin inji zafin ba ya kai wa ga damuwa matuƙar akwai baƙin mai mai kyau. Mai lagireto ya fi ƙarfi a girma ɗaya kuma ya fi jure doguwar tafiya da gudu. Masu inji irin na da, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, suna da zafin nama da rashin nauyi, amma fistin da ringinsu na saurin ci, kuma dokokin hayaƙi sun kore su daga kasuwanni da yawa. Ba zan ba wanda ke neman hutu shawarar sayensu ba.

Wanne ya fi muhimmanci, kilomitan da ke kan mita ko shekarun babur?

Kulawar da ya samu ta fi su duka biyun. Ƙaramin inji yana juyawa da sauri a kullum, kuma baƙin man da ke cikinsa kaɗan ne, wajen lita ɗaya a yawancin masu 125. Da yawa daga cikinsu ma ba su da matatar takarda, sai 'yar raga da ake wankewa. Saboda haka inji mai kilomita 40,000 da aka riƙa canja wa mai a kan kari ya fi mai 12,000 da aka yi wa sakaci.

Mita mai ƙarancin adadi a kan tsohon babur ba abin murna ba ne kai tsaye. Babur da ya shekara takwas bai yi kilomita 2,000 ba, zama ya yi, kuma zama yana busar da robobi, ya sa tanki tsatsa, ya ƙarar da taya ba tare da ta suɗe ba. Ita mitar ma ana iya canja ta. Ka dubi robar matakin ƙafa, da robar hannu, da bakin fedar giya: idan sun suɗe sun yi santsi alhali mita na cewa sabo ne, ɗaya daga cikinsu na ƙarya.

Idan na je ganin babur, da me zan fara?

Tun kafin ka tafi ka roƙi mai shi kada ya tayar da inji. Da isarka ka kai bayan hannu kusa da kan injin. Idan da ɗumi, an ɗumama shi kafin ka zo, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da ke fita da sanyin safiya. Ba lallai ne da mugun nufi aka yi ba, amma ka zauna ku yi hira har ya huce.

Kafin a tayar, zaro ma'aunin baƙin mai. Baƙi ba laifi ba ne. Abin gudu shi ne ya yi ƙasa sosai, ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, ko ya yi fari-fari da kauri, wanda a babur mai lagireto yana nuna ruwa na shiga mai. Buɗe tanki ka haska da tocila ka nemi tsatsa. Leƙa ƙarƙashin inji: busasshiyar ƙura abu ne mai kyau, wuri ɗaya da aka wanke fes alhali sauran jikin da datti yana nufin akwai yoyo a nan.

Bayan ya tashi, tsaya ta baya ka kalli salansa. Ɗan farin tururi da ke ɓacewa cikin minti biyu ba komai. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi tsayawa mai ne ke ƙonewa, wato ringi ko robobin bawul. Siririyar ƙarar cak-cak daga sama yawanci bawul ne ke son saiti, kuma a irin waɗannan injuna aiki ne mai sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasan inji kuwa, ka yi sallama ka tafi. Idan kana da na'urar auna wuta, batir mai lafiya yana nuna wajen volt 12.6 inji a kashe, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an ɗan ja totur.

Yaya zan gane ya taɓa yin hatsari?

Kusan kowane ƙaramin babur ya taɓa faɗuwa, domin da su ake koyo. Ƙujewa a ƙarshen hannu, ko bakin liba da ya lanƙwashe, ko ɗan lotsawa a salansa, faɗuwar tsaye ce kuma ba ta hana saye. Ƙujewa mai dogon layi da ta ci ƙarfe tana nuna ya ja a ƙasa da gudu.

Inda za ka dage shi ne wuyan babur. Juya kan zuwa dama har ƙarshe, sannan hagu: akwai 'yan ƙarafa biyu da ke tare shi, idan ɗaya ya karye ko an yi masa walda, ya sha bugu mai ƙarfi. Nemi fenti da ya tsattsage ko sabon fenti a mahaɗar firam. Ɗaga tayar gaba sama ka juya kan a hankali, idan yana maƙalewa a tsakiya boris ɗin wuya ya mutu, wannan ana canjawa. Sai ka koma baya da 'yan taku ka tsuguna, ka duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Firam da ya karkace ba ya gyaruwa yadda hankali zai kwanta.

Taya, sarƙa da birki sun ci. In fasa?

A'a, waɗannan kayan ci ne, abin ciniki ne. Sai dai ka lissafa su tun kafin ka yi tayi, domin a ƙaramin babur kuɗinsu a haɗe yana iya zama kaso mai tsoka na kuɗin babur ɗin kansa. A gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara biyar tana son dubawa da kyau, wadda ta kai goma kuwa a cire ta ko zanenta bai taɓu ba.

Sarƙa, ka ja ta daga bayan babban faifan haƙora na baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta ƙare. Haƙoran da suka lanƙwashe suka yi kamar bakin lauje su ma sun ƙare, kuma tare ake canja su da sarƙar. Shafa yatsa a kan sandunan shokozoba na gaba, idan ya fito da mai, robobinsu sun tafi, kuma man yana iya gangarawa kan birki.

Me zan lura da shi a gwajin tuƙi?

Ka shiga kowace giya hawa da sauka. A giya ta sama, a ƙaramin gudu, ja totur gaba ɗaya: idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Giyar da ke fita da kanta, musamman ta biyu, gyaranta sai an buɗe inji. A wuri mai fili ka sassauta riƙon hannu ka ji ko yana ja gefe ɗaya, wanda zai mayar da kai kan tambayar hatsari. Kama birkin gaba a hankali, idan liba na bugun yatsunka faifan ya karkace. Da ka dawo, kashe shi ka sake tayarwa da zafinsa, sannan ka sake leƙa ƙasan injin.

Mai shi yana da haƙƙin neman ganin lasisinka ko riƙe kuɗi kafin ya ba ka makulli. Wanda ya hana gwaji sam, ka nemi ya tuƙa kana kallo kana saurare.

Wace takarda zan nema?

Lambar da aka buga a wuyan firam da ta jikin inji su yi daidai da abin da ke takarda, harafi da harafi. Yawancin baburan da aka yi daga 1981 lambar firam ɗinsu tana da haruffa da lambobi 17. Idan wurin ya nuna alamar goga ko sabon bugu, kada ka saya komai arha, domin ƙananan babura su ne suka fi sauƙin sata. Sunan da ke takarda ya zama na mai sayarwa, ko ya nuna shaidar yadda ya zo hannunsa, kuma ka tabbatar babu bashi a kansa. Ku rubuta yarjejeniya da kwanan wata da lambobin nan biyu.

Dokar rajista, haraji da inshora ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka tambayi kamfanin inshorarka tun kafin saye, wasu suna haɗa babura biyu a takarda ɗaya.

Dole ne ya kasance da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an damƙe birki?

Idan ka samu, ka ɗauka. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin babura da suka haura inji 125, dokar ta fara aiki tsakanin 2016 da 2017, Indiya ma ta bi a 2019, don haka 'yan shekarun bayan nan ana samunsa a na hannu. Masu 125 zuwa ƙasa da yawa haɗaɗɗen birki gare su, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, shi kuma ba ya hana taya kullewa. Muhimmancin wannan ga mai babura biyu yana cikin amsa ta gaba.

Akwai haɗari a sauyawa tsakanin babba da ƙarami?

Akwai, kuma ba a cika faɗarsa ba. Hannu yana da sabo. Wanda babban baburinsa ke da ABS ya saba damƙe birki da ƙarfi na'ura ta gyara masa, ranar da ya yi haka a kan ƙarami mai siririyar taya a jiƙaƙƙen titi, tayar gaba za ta kulle. Haka wajen wuce mota: ido ya saba da tazarar da babban inji ke cinyewa cikin daƙiƙa uku, ƙarami kuma yana buƙatar ninkin haka. Cub ma tsarin giyarsa daban ne. Mintunan farko bayan kowane sauyi ka tafi a hankali, ka gwada birki sau biyu kafin ka shiga cunkoso.

Sai raini. Mutum ya sa cikakkun kaya idan zai hau babba, amma ya haye ƙarami ba hular kwano ba safar hannu don wai nan kusa ne. Kwalta ba ta tambayar girman inji.

Zan iya ɗaukar fasinja ko koya wa wani a kansa?

Don koyarwa, da wuya a sami abin da ya fi shi, in dai mai koyon ya cika sharuɗɗan lasisi kuma inshora ta rufe shi. Fasinja kuwa, duba iyakar nauyi a littafin babur. Mai 125 zai ɗauki mutum biyu a gajeriyar tafiya, amma birki zai ƙara nisa kuma shokozoban baya zai nutse.

Yaya zan ajiye shi idan zai yi makonni ban hau ba?

Batir ne ke fara mutuwa. Ka haɗa shi da ƙaramar caja mai kula da kanta, ko ka cire wayar da ke kan alamar ragi. Cika tanki don danshi ya rasa wurin taruwa. Mai kafireta, rufe makunnin fetur da ke ƙasan tanki ka bar injin ya shanye abin da ke ciki har ya mutu, ko ka kwance ɗan sukurun ƙasa ka tsiyaye shi. Shafa wa sarƙa mai, ƙara wa taya iska, ka ɗora shi a kan ƙafar tsakiya idan yana da ita. Rufin da za ka sa ya zama mai barin iska ta ratsa, leda tana tara gumi.

Tayar da shi minti biyar a tsaye ba taimako ba ne: batir ba ya cika, kuma tururin da ya taru a inji da salansa ba ya ƙonewa. Ko ka hau shi na minti ashirin zuwa talatin ya yi zafi sosai, ko ka bar shi ya huta.

Na saya. Me zan fara yi masa?

Canja baƙin mai ko da an rantse maka jiya aka canja, kuma ka sa na babur mai alamar JASO MA ko MA2, domin wasu man mota suna sa kuloci zamewa. Wanke ragar mai, duba matatar iska da fulogi, a saita bawul. Man birki ana canja shi duk shekara biyu, kuma a babur na hannu ka ɗauka ba a taɓa yi ba. Saita sarƙa daidai da littafinsa, yawancin na titi santimita biyu zuwa uku na sassauci suke so, na hanyar ƙasa kuma fiye da haka. Sannan ka rubuta adadin da ke kan mita da kwanan wata a wuri ɗaya da na babban baburinka, saboda na biyu lokacin gyaransa da watanni ake lissafa shi, kilomitansa ba sa taruwa da sauri.